Tarihin Awon Girman Zuciyar Mace Bisa Girman Jikinta: Darasi Daga Ciwon Zuciyar Masu Jego a Ƙasar Hausa

1.0 GABATARWA

Kalmar zuciya tana daga cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya masu yawa. Da ita yake bayyana fushi idan ya ce wane ya yi zuciya, da ita yake bayyana ragwanci idan ya ce mutuwar zuciya, haka nan kirki da mugunta su ne farar zuciya da baƙar zuciya. Amma idan aka koma ga zuciya a matsayinta na tsokar da ke harba jini cikin jiki, sai a tarar kalmomin sun yi ƙaranci. A asibitocin ƙasar Hausa, tun daga Kano da Sakkwato har zuwa Kwantagora ta Jihar Neja, abin da aka saba faɗa wa mace idan an ga zuciyarta ta wuce kima shi ne tana da kumburin zuciya. Wannan furuci yana ɗauke da hukuncin cewa zuciya ta yi girma, sai dai bai faɗi abin da aka gwada ta da shi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka yi ta ƙoƙarin auna girman zuciyar mace gwargwadon girman jikinta, tare da kafa hujja da wata cuta da ta sa sunan ƙasar Hausa ya shiga littattafan likitanci na duniya, wato gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a cikin jego. Za a nuna cewa duk lokacin da ma'auni ya sauya, fahimtar cutar da abin da ake ɗora wa laifinta sukan sauya. Daga nan sai a dubi abin da wannan tarihi yake nema daga masana harshe.

2.0 JEGO A AL'ADAR BAHAUSHE

Bahaushe yana ɗaukar macen da ta haihu a matsayin mai ɗanyen jiki, kuma babban abin da yake jiye mata tsoro shi ne sanyi. Saboda haka kusan duk abin da ake yi wa mai jego an gina shi ne a kan shigar da zafi cikin jiki. Akwai wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa, ana tsoma ganyen runhu ko na tsamiya ko na darbejiya ana fyaɗawa a jiki. Akwai kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Akwai cin ƙauri da gasasshen nama da yaji, sannan uwa-uba kunun kanwa, wanda ake sha don ya wanke ciki ya kuma kawo nono. Yawanci ana yin haka har kwana arba'in, mai haihuwar fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta kuwa takan zarce haka. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda M. F. Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka kuma buga a 1954, ya nuna yadda wannan al'ada ta kafu tun kafin zuwan asibiti.

Ita kanwa tsohuwar haja ce ta fatake. Daga ƙasar Barno da Manga da gaɓar Tafkin Chadi ake haƙo ta, ana rarrabe ta da sunaye irin su ungurnu da jar kanwa da farar kanwa. Lovejoy (1986) ya yi bayanin yadda ayarori suke kai ta kudu da yamma, har ƙasar Nufe da ta Yarbawa. Ta fuskar kimiyya, yawancin abin da ke cikin kanwa gishirin sodiyam ne, kuma sodiyam yana riƙe ruwa a jiki.

Kwantagora tana bakin iyakar ƙasar Hausa ta kudu maso yamma. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa ta wajen 1864 da sarautar Sarkin Sudan, Turawa suka ci ta a 1901, ta kuma faɗa cikin Jihar Neja da aka ƙirƙiro a 1976. Hausawa da Fulani sun zauna a nan tare da Kambari da Dukawa da Dakarkari da Gwari da Nufawa, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da na asibiti ga kowa. Wannan zaman cuɗanya yana da muhimmanci ga batunmu, kamar yadda za a gani a sashe na 6.0 da na 7.0.

3.0 MAFARIN AWON ZUCIYA

Kafin a sami hanyar leƙa cikin ƙirjin mai rai, likitocin Turai suna sanin girman zuciya ne ta hanyar fiɗar gawa. A 1761 Auenbrugger na birnin Biyana ya fito da dabarar ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa a saurari amo, yadda ake gane iyakar ruwa a cikin ganga. A 1806 Corvisart na Faransa ya bambance girman zuciya iri biyu: wanda bangonta yake yin kauri, da wanda ɗakunanta suke buɗewa bangon ya yi laushi. Ɗalibinsa Laennec, wanda ya ƙago bututun sauraron ƙirji a 1816, shi ne ya ba da ƙiyasin da har yau ake koya wa yara, cewa zuciyar mai lafiya takan yi kusan daidai da dunƙulen hannunsa. Abin lura a nan shi ne, dunƙulen hannun mai zuciyar ake nufi, ba na likita ba. Ke nan tun daga farko an fahimci cewa jikin mutum shi ne ma'aunin zuciyarsa. A 1883 Wilhelm Müller na Jamus ya tabbatar da haka da sikeli, inda ya auna nauyin zukata masu yawa ya gwada su da nauyin jiki da shekaru da jinsi. A ƙiyasi, zuciyar baligar mace takan kai giram 250, ta namiji kuwa giram 300.

Bayan Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a 1895, sai ya zama ana iya ganin inuwar zuciyar mai rai. A 1919 Danzer ya ba da shawarar a riƙa raba faɗin inuwar zuciya da faɗin ƙirji. Idan zuciya ta cinye fiye da rabin ƙirji, to ta yi girma. Wannan awo yana da sauƙi, shi ya sa har yanzu ake amfani da shi a asibitocin da hoton ƙirji kaɗai suke da shi. Amma yana da rauni. Inuwa ba ta bambance kaurin bango da buɗewar ɗaki da taruwar ruwa a jakar da ke lulluɓe da zuciya. Har ila yau, tsohon ciki yana tura tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki zuwa sama, zuciya ta kwanta a gicciye, inuwarta ta yi faɗi alhali lafiyarta lau.

A daidai wannan zamani, a 1916, wasu masana biyu a Amurka masu suna Du Bois suka fitar da lissafin da ake gano faɗin fatar jikin mutum daga tsayinsa da nauyinsa, ana ba da amsa da murabba'in mita. Mutum tara kacal suka auna suka gina lissafin a kansu, amma ya zama abin da likitoci suke raba awon gaɓoɓi da shi fiye da shekara 100.

Dangane da masu jego kuwa, tun a ƙarni na 19 Ritchie da Virchow da Porak suka ambaci gazawar zuciya bayan haihuwa, aka kuma siffanta ta sosai a Amurka a 1937. A 1971 Demakis da abokan aikinsa a Chikago suka iyakance ta da cewa gazawar zuciya ce da ke zuwa a watan ƙarshe na ciki ko cikin wata biyar bayan haihuwa, ga macen da ba ta da ciwon zuciya a baya. Sun bi mata 27, suka tarar kusan rabinsu zuciyarsu ta koma daidai cikin wata shida, kuma yawancin waɗannan sun rayu. Waɗanda tasu ta ci gaba da zama babba kuwa yawancinsu sun rasu. Daga nan awon girman zuciya ya zama abin da ake hango makomar mai jego da shi.

4.0 BINCIKEN ZARIYA

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, makarantar koyon likitancinta kuma a 1967. A 1969 Eldryd Parry ya zo Zariya a matsayin farfesan likitanci. Shi da N. M. Davidson suka lura da yawan matan da ake kawowa asibitin Tudun Wada makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu da ciki a kumbure, ga haki da tari, ba su iya kwanciya miƙe sai a jingine. Tsakanin 1969 da 1972 suka tattara bayanan mata 224, sakamakon ya fito cikakke a 1978. Sun ƙiyasta cewa cutar tana kama kusan mace ɗaya cikin 100 na Hausawan Zariya da suka haihu, adadin da ya ninka na Turai da Amurka sau da yawa. Sun kuma ga cewa ta fi yawa a watan Yuli, wato tsakiyar damina.

Kayan aikinsu a farko su ne hannu da kunne da sikeli da hoton ƙirji da na'urar zana bugun zuciya. Hoton ya nuna zukata manya, kuma da aka ba matan maganin fitar da ruwa ta fitsari da na ƙarfafa bugun zuciya, sai kumburi ya sace, inuwar zuciyar da yawa daga cikinsu ta ragu cikin hanzari. Wannan saurin warkewa ya bambanta da abin da aka gani a Chikago, don haka suka nemi dalili a cikin gida. Lorna Trevitt ta shiga gidajen birnin Zariya ta nazarci al'adun haihuwa, a 1974 kuma su uku suka buga bayaninsu a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Taƙaitaccen bayanin shi ne: mai ciki jininta yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, bayan haihuwa jiki yana buƙatar zubar da wannan rara, kanwa tana hana ruwan fita, zafin wanka da na gado yana buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki, laimar damina kuma tana hana gumi bushewa. Idan waɗannan suka haɗu, sai kaya su fi ƙarfin zuciya.

Da na'urar da ke ɗaukar hoton zuciya ta hanyar amsa-kuwwar sauti ta iso Zariya, wadda Edler da Hertz suka fara amfani da ita a Suwidin a 1953, sai aka sami damar ganin bango da ɗaki dabam-dabam. Sanderson da Adesanya da Anjorin da Parry (1979) sun tarar cewa a wurin da yawa daga cikin matan, tsokar zuciya tana matsewa da ƙarfinta, yawan jinin da take harbawa ma ya haura na kullum. Ke nan inuwar da aka ɗauka alamar lalacewar tsoka ce, a wasu matan alamar cikar ruwa ce. Daga baya, bibiyar da Ford da abokan aikinta na Zariya suka buga a 1998 ta nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun zama masu hawan jini. Abin da aka kira cuta ɗaya ya fara bayyana a matsayin cututtuka da inuwarsu ta yi kama.

5.0 AWON TSOKA DA MA'AUNIN MATA

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, wanda ya fi ɗaukar wahala kuwa shi ne ɗakin hagu na ƙasa, domin shi yake tura jini ga dukkan jiki. A 1977 Devereux da Reichek suka fitar da lissafin gano nauyin tsokar wannan ɗaki daga kaurin bangonsa da faɗin cikinsa, suka gwada amsar da ainihin nauyin da aka samu wajen fiɗa. An gyara lissafin a 1986. A 1990 binciken garin Framingham na Amurka, wanda ya shafi mutum sama da 3,000, ya tabbatar da cewa ƙaruwar nauyin wannan tsoka tana tafiya da ƙaruwar haɗarin mutuwa, ga maza da mata.

Tambayar da ta rage ita ce da me za a raba wannan nauyi. Hanya ta farko ita ce a raba shi da faɗin fatar jiki. A bisa ƙa'idar ƙungiyoyin masana na Amurka da Turai ta 2005, wadda aka sake tabbatarwa a 2015, iyakar mace ita ce giram 95 ga kowane murabba'in mita, ta namiji kuwa 115. Wanda ya auna mace da iyakar namiji zai sallami mata da yawa a matsayin masu lafiya alhali tsokarsu ta riga ta yi kauri. Hanya ta biyu ita ce wadda de Simone da abokan aikinsa suka kawo a 1992, a raba nauyin da tsayi kaɗai bayan an ɗaga shi zuwa ƙarfin 2.7, domin ƙiba tana ƙara faɗin fata ta ɓoye kaurin zuciya. A wannan hanya, ƙa'idar hawan jini ta Turai ta 2018 ta sa iyakar mace a 47.

Misalin lissafi zai fayyace bambancin. A ɗauki mata biyu masu tsayi ɗaya, santimita 155. Ta farko siririya ce mai kilo 45, faɗin fatarta bisa sauƙaƙan lissafin Mosteller na 1987 ya kama murabba'in mita 1.39. Idan tsokarta giram 140 ce, hanya ta farko za ta ba da kusan 101, wato ta haura 95, hanya ta biyu kuwa ta ba da kusan 43, wato ba ta kai 47 ba. Ta biyu mai jiki ce, kilo 85, faɗin fatarta 1.91. Idan tsokarta giram 175 ce, hanya ta farko za ta ba da kusan 92, a ce lafiyarta lau, ta biyu kuwa ta ba da kusan 54, a ce tsokar ta yi kauri. Ma'auni biyu, hukunci biyu masu karo da juna, a kan mace ɗaya. Daɗin daɗawa, mai jego da jikinta ya cika da ruwa nauyinta na sikeli ba nata ba ne na gaskiya, don haka duk lissafin da aka gina a kansa zai rage girman matsalar.

Wannan tunani ya shiga ma'anar cutar masu jego kai tsaye a 1999, lokacin da Hibbard da Lindheimer da Lang suka sa sharuɗɗan awo: kason jinin da ɗakin hagu yake fitarwa a bugu ɗaya ya gaza kashi 45 cikin 100, faɗin ɗakin idan ya cika kuma ya wuce santimita 2.7 ga kowane murabba'in mita. A 2010 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta janye sharaɗin faɗi, ta ce zuciya tana iya gazawa ba tare da ta buɗe ba. A 2019 kuma wani bincike da ya tattara masu lafiya daga ƙasashe 15, har da Nijeriya, ya nuna cewa girman ɗakin hagu yana bambanta tsakanin ƙasashe ko bayan an raba shi da faɗin fata. Iyakar da aka yanka a jikin matan wata nahiya ba dole ba ne ta zauna daram a jikin matan wata.

6.0 SAUYIN ABIN ZARGI

Bayanin Zariya ya yi tasiri har ya zama, a littattafan likitanci, da an ambaci Hausawa sai a ambaci kanwa da gadon wuta. Amma tun a 1992 Cénac da abokan aikinsa a Yamai ta Jamhuriyar Nijar suka nuna cewa masu wannan cuta suna da ƙarancin sinadarin siliniyam a jini idan an gwada su da masu jegon da ba su da ita. An riga an san cewa ƙarancin wannan sinadari yana da hannu a cutar zuciya ta gundumar Keshan a ƙasar Sin, wadda ta fi kama yara da mata masu haihuwa. A 2007 Isezuo da Abubakar suka ba da rahoto daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato cewa cutar tana zuwa sau ɗaya a haihuwa 102, wato adadin Zariya bai sauya ba bayan shekara 30, wannan karon kuma da awon na'ura aka tabbatar da raunin tsokar.

A Kano, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sake gano ƙarancin siliniyam a 2015. Daga 2017 zuwa 2018 ya jagoranci rajistar masu cutar a asibitocin sassan Nijeriya, wadda ta tattara mata 406, aka buga sakamakon a 2020. Mafi yawan matan daga Arewa maso Yamma suke, inda adadin ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Abubuwan da aka tarar suna tafiya da cutar su ne rama, da rashin ilmin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wankan jego da kunun kanwa kuwa ba su bambance masu cutar da marasa ita ba. A wasu ƙasashen an gano ƙarin dalilai: a 2007 masana a Jamus suka nuna rawar da wani ɓangare na sinadarin da ke kawo nono yake takawa, a 2016 kuma aka nuna cewa wasu matan sun gaji raunin ne a ƙwayoyin halitta.

Wannan bai wanke kanwa ba ga macen da zuciyarta ta riga ta raunana, domin gishiri da tsananin zafi ƙarin kaya ne gare ta, kuma likitoci suna hana su. Abin da ya sauya shi ne matsayinsu a jerin dalilai. Likitocin 1970 sun ga inuwa babba da ruwa mai yawa, suka nemi inda ruwan ya fito, suka same shi a kwaryar kunu. Likitocin 2020 sun auna ƙarfin tsoka da nauyin jiki, suka tarar da ramammiyar mace, suka koma neman dalili a tukunyar gidanta da tazarar da ke tsakaninta da awon ciki. Nan ne batun rama ya haɗu da batun ma'auni, domin ƙaramar mace ita ce wadda zuciyarta za ta iya faɗawa cikin adadin masu lafiya idan an karanta santimita tsura, alhali ta yi wa jikinta yawa.

Ga gari irin Kwantagora, darasin a fili yake. Idan aka riƙe cewa wannan ciwon Hausawa ne masu shan kanwa, to Bakambara ko Badukkiya da ta zo da haki bayan haihuwa tana iya komawa gida da maganin tari. Rama da hawan jinin masu ciki ba su tambayar ƙabila.

7.0 MATSALAR KALMOMI

Tarihin da aka bayar ya nuna aƙalla abubuwa biyar da likita yake bambancewa, amma ana tattara su a ƙarƙashin kumburin zuciya ko ciwon zuciya. Kowanne daga furucin biyu yana da illarsa. Ciwon zuciya a kunnen mai sauraro yana iya nufin ɓacin rai, har dangi su koma binciken wanda ya ɓata wa mai jego, miji ko kishiya. Kumburi kuwa a tunanin Bahaushe abu ne da ake gasawa ya sace, kuma sau da yawa sanyi ake ɗora wa laifinsa. Tsohuwar da ta ji an ce jikarta tana da kumburi tana da hujjar ƙara wa ruwan wanka wuta da ƙara wa kunu kanwa, kuma ta yi haka ne don so. A wurin da Hausa ta zama harshe na biyu ga majinyata da yawa, kamar Kwantagora, kalmar da ta rikitar da Bahaushe za ta fi rikitar da wanda ya koye ta a kasuwa.

Saboda haka ana ba da shawarar a keɓe waɗannan kalmomi:

(a) Kaurin zuciya: ƙaruwar tsokar bango, kamar yadda hawan jini yake haddasawa.
(b) Buɗewar zuciya: faɗaɗar ɗaki tare da sakin bango.
(c) Ruwan jakar zuciya: taruwar ruwa a kewayen zuciya.
(d) Gazawar zuciya: kasa harba jinin da jiki yake bukata, ko ta yi girma ko ba ta yi ba.
(e) Kumburin jiki: taruwar ruwa a ƙafa da ciki da fuska, wanda alama ce ta gazawar.

Ga ainihin awon kuwa, Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Kalmar gwargwado tana ɗauke da ma'anar gwada abu da wani, don haka nauyin zuciya gwargwadon jiki, ko gwargwadon tsayi, ya isar da saƙon ba tare da aro ba. Bahaushe ya daɗe yana awo da jikinsa: kamu da taƙi da gaba duk daga hannu aka samo su, kuma kowane mai sayen yadi ya san kamun dogo ya fi na gajere. Ya san mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, shi ya sa yake tambaya da wane mudu aka auna. Karin maganarsa ma ta ce daidai ruwa daidai tsaki. Malamar asibiti da ta ce wa mai jego, “Hajiya, zuciyarki ta yi wa jikinki yawa,” ta fi kusa da gaskiyar ilmin fiye da wadda ta ce ta kumbura.

Aikin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1990 ya tsaya ne a kan nazarin harshe da adabi da dabarun koyarwa. Irin wannan zama na haɗin guiwa ake bukata tsakanin sassan harsunan Nijeriya da likitocin zuciya da ungozomomi, a gwada kalmomin a bakin matan da abin ya shafa kafin a shigar da su littattafan makarantun jinya da shirye-shiryen rediyo.

8.0 KAMMALAWA

An ga yadda awon zuciya ya taso daga dunƙulen hannu na Laennec, zuwa rabin ƙirji na Danzer a 1919, zuwa giram 95 da aka keɓe wa mata. An kuma ga yadda cutar masu jego ta ƙasar Hausa ta sauya kama tare da waɗannan ma'aunai, daga cikar ruwa da aka danganta da kanwa a Zariya, zuwa raunin tsoka da aka danganta da rama da ƙarancin siliniyam da hawan jini a Yamai da Kano. Adadin kuwa yana nan kusan yadda Davidson da Parry suka same shi, mace ɗaya cikin 100, a Zariya ta 1978 da Sakkwato ta 2007 da Arewa maso Yamma ta 2020. Samar da na'ura da abinci da awon ciki aikin hukuma ne da likitoci. Samar da kalmar da za ta sa mai jego da uwarta su bambance kumburin da ake gasawa da hakin da ake garzayawa asibiti saboda shi, wannan yana wuyan masana harshe.